Gayyata Amana Ce: Tsokaci Kan Yadda Coci Ke Kiran Baƙi Zuwa Ista da Kirsimeti

 

Ya ku 'yan'uwa matasa maza da mata, duk wanda ya tashi a zango, ko a Nima ne ko Mamobi ko Sabon Zango a Akra, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, ya san cewa sau biyu a shekara gayyata kan yi yawa. Idan Ista ta matso, ko Kirsimeti wadda maƙwabtanmu ke kira Buronya, sai ka ga an rataya ƙyallaye a mararraba, an manna fastoci a jikin bango da motocin haya, ana raba takardu a tasha, saƙonni kuma suna shigowa ta WhatsApp. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ƙidayar jama'a ta shekarar 2021 ta nuna Kiristoci sun haura kashi 71 cikin ɗari na mutanen Gana, Musulmi kuwa sun kusa kashi 20. Tare muke zaune a gidan haya ɗaya, tare muke karatu, tare muke neman abinci. Saboda haka wata rana abokin karatu ko abokin aiki zai ce maka, "Zo mu je cocinmu ranar Lahadi."

Hukuncin amsa irin wannan gayyata magana ce ta malamai, mu koma gare su. Tambayar da muke son mu duba a nan ita ce: wane hakki ne baƙo yake da shi a kan wanda ya gayyace shi? Shin dole ne mai gayyata ya faɗi ma'anar bikin tun daga bakin ƙofa, ko kuwa ya halatta ya jawo mutum da abin da zai faranta masa rai, sai ya shiga sannan ya ji sauran bayani?

Kafin mu amsa, ya kamata mu san abin da waɗannan bukukuwa suke nufi a wajen masu su, kamar yadda su da kansu suke faɗa. Ista ita ce babbar idinsu, ta fi Kirsimeti girma. Sun yi imani cewa an gicciye Yesu ranar Juma'a, ya mutu domin fansar zunuban mutane, sannan ya tashi daga kabari ranar Lahadi. A sura ta 15 ta wasiƙarsa ta farko zuwa ga mutanen Korinti, Bulus ya nuna cewa dukkan bangaskiyarsu a kan wannan tashi ta dogara, in babu shi komai ya rushe. 'Yan Katolika da wasu coci kan share fage da azumin kwana 40 wanda ke farawa daga Larabar Toka. Ranar bikin kuwa tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, saboda da lissafin wata ake gane ta. Ita ma Kirsimeti ta wuce murnar haihuwar jariri, domin aƙidar da ke ƙarƙashinta ita ce Allah ya ɗauki jiki ya zama mutum. Mu kuwa mun yi imani da Annabi Isa ɗan Maryam (A.S) bawan Allah ne kuma ManzonSa, an haife shi ba tare da uba ba kamar yadda Suratu Maryam ta kawo, kuma ayoyi na 157 da 158 na Suratun Nisa'i sun tabbatar mana ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Ke nan abin da ake murna da shi a waɗannan ranaku shi ne daidai wurin da hanyarmu da tasu suka rabu.

To, idan muka lura da gayyatar da ke zuwa mana, za mu ga ba iri ɗaya ba ce. Akwai cocin da kan rubuta ƙarara a jikin ƙyalle cewa taro ne na tunawa da mutuwar Yesu da tashinsa, da hoton gicciye, da sunan mai wa'azi. Manyan tarukan Ista da Cocin Fentikos ke yi a filaye ƙarƙashin rumfuna, duk wanda ya wuce ya san wa'azi ake yi. Akwai kuma masu sassauta lafazi, su ce biki ne na ƙauna da sabuwar rayuwa da zaman lafiya, kalmomin da babu mai ƙin su, amma ba su gaya wa baƙo wace ƙauna ake nufi ba. Sannan akwai masu ɓoye komai: su ce wasan ƙwallo ne, ko liyafar yara, ko duba lafiya kyauta, ko daren waƙoƙi da rabon shinkafa. Sai an ci an sha, a kashe kiɗa, mai wa'azi ya miƙe ya ce kowa ya rufe ido, wanda ke son ceto ya ɗaga hannu ya maimaita addu'a, a ƙarshe a rubuta sunansa da lambar wayarsa.

Adalci ya sa dole mu ji hujjar masu sassautawa, domin ba dukansu ne mayaudara ba. Za su ce ba a fara ba jariri tuwo, sai ya saba da kunu. Za su ce wanda bai taɓa shiga coci ba, idan ka tare shi da maganar jini da gicciye gudu zai yi, alhali burinsu ya fara ganin fuska a sake. Za su ce kyautar da suke yi da zuciya ɗaya suke yin ta. Kuma za su iya tuna mana cewa mu ma addininmu ya san bi sannu a hankali, tunda aya ta 125 ta Suratun Nahli ta yi umarni da yin kira cikin hikima da kyakkyawan wa'azi, kuma cikin waɗanda ake ba zakka akwai waɗanda ake lallashin zukatansu.

Wannan magana tana da ƙarfi, sai dai bi a hankali daban, ɓoyewa daban. Mai bi a hankali yakan ce, "Bikin addininmu ne, za a yi wa'azi, zo ka ji, ba dole." Bai zube maka dukkan aƙidarsa ba, amma ya gaya maka inda za ka. Mai ɓoyewa kuwa ya san da ka sani ba za ka zo ba, shi ya sa ya yi shiru. Ga ma'aunin da za a gane su da shi: da baƙon nan ya san abin da za a nema daga gare shi a ciki, zai shiga? In amsar ita ce a'a, kuma mai gayyata ya san haka, to ya ƙwace wa ɗan'uwansa zaɓin da Allah ya ba shi. Abin ya fi muni idan yaro ne wanda iyayensa ba su sani ba, ko mai yunwa, ko marar lafiya, domin wanda ka ciyar yanzun nan kunya ba za ta bar shi ya ce maka a'a ba. Hannun da aka ɗaga saboda kunya bai nuna abin da ke cikin zuciya, kuma Kiristoci masu tsoron Allah su ma ba sa farin ciki da irin wannan tuba.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W) ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya sa hannunsa cikin tsibin sai ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma kira wannan aiki algus. In an hana algus a mudun hatsi, ina ga abin da ya shafi imanin mutum da lahirarsa? Haka nan mu tuna da sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha wajen shekara ta 615. Baƙi ne a ƙasar sarki Kirista, rayuwarsu tana hannunsa, 'yan aiken Ƙuraishawa kuma suka zuga Najjashi ya tambaye su me suke faɗa game da Annabi Isa. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (R.A) ya so, da ya lulluɓe maganar da kalmomi masu daɗi. Sai ya faɗi aƙidarsa yadda take, cikin ladabi, sarki kuma ya ƙara girmama su. Gaskiya ba ta ɓata zumunci ba.

A ƙasarmu ma mun ga misali. Ranar Lahadin Ista ta shekarar 2019, Babban Limamin Ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu, a lokacin cikarsa shekara 100, ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King a Akra, inda Fada Andrew Campbell ya tarbe shi. Wasu sun yaba, wasu sun soki abin, ofishinsa kuma ya bayyana cewa ziyarar zumunci ya kai, ba ibada ya je yi ba. Ko wane ɓangare mutum ya bi, abu ɗaya a fili yake: Shehu ya san ranar da ya je da abin da take nufi, masu masauki sun san wanda ya zo da abin da ya yi imani da shi, babu wanda ya yi wa wani dabara.

Yanzu sai mu juyo da ma'aunin nan kanmu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Tun zamanin mulkin Rawlings aka mayar da ranakun Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah hutu ga kowa a Gana. Amma maƙwabcinmu Kirista da muke kai wa naman layya, me ya sani game da ita? Da yawansu sun ɗauka Sallah ita ce Buronyar Musulmi: sabon ɗinki, kiɗa, da samari masu gudu da babur a titi. Ba su taɓa jin cewa muna tunawa ne da biyayyar Annabi Ibrahim (A.S) ba, alhali sun san shi a littafinsu. Kamar yadda hawan duwatsun Kwahu da shagulgulansa suka rufe wa mutane da yawa ma'anar Ista, haka hayaniyar yawon Sallah ke rufe ma'anar idinmu. Sannan idan muka gayyaci abokinmu buɗa-baki ko Mauludi, muka ce masa cin abinci ne kawai, sai ya zauna muka kewaye shi da malami da kabbara da wayoyin ɗaukar hoto muna jiran ya yi shahada, to mun aikata abin da muke kuka da shi. Musulunci ba ya bukatar tarko.

Saboda haka muna ba 'yan'uwa shawara. Na farko, idan an gayyace ka, ka tambaya cikin fara'a: bikin me ake yi, me za a yi a wurin, kuma me za a nema daga gare ni? Mai gaskiya zai amsa ba tare da kwana-kwana ba, kuma ya cancanci girmamawa ko da ba za ka je ba. Na biyu, in za ka ƙi, ka ƙi da ladabi, ka faɗi dalilinka, ka bar ƙaryar ciwon kai ko tafiya, domin ba a maganin ɓoye-ɓoye da wani ɓoye-ɓoyen. Na uku, mu kula da ƙannenmu a lokutan hutu, mu san inda suke zuwa da wanda ya kira su. Na huɗu, mu koma makaranta mu karanci tarihin Annabi Isa da mahaifiyarsa daga bakin malamai, domin wanda bai san nasa ba shi ne tsoro ke kamawa idan an yi masa tambaya. Na ƙarshe, duk ƙungiyar matasa da za ta buga takardar gayyata zuwa wa'azi ko Mauludi, ta rubuta abin da za a yi a fili, kuma duk wanda zai kai wa maƙwabci nama, ya haɗa masa da bayanin dalilin layya ko da a taƙaice.

Allah ya sa mu zama masu gaskiya a zantukanmu da mu'amalarmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tabbatar da dugaduganmu a kan tafarki madaidaici. Amin.