Kibiyar da Aka Harba wa Motsi

Daga watan Satumba zuwa shigowar kaka, gonakin Karfi da na ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi sukan rufe ruf. Masara ta yi goyo, dawa kuwa ta zarce tsawon mutum nesa ba kusa ba, har wanda ya shiga tsakiyarta ba ya ganin abin da ke taku goma a gabansa. A wannan lokaci ne gada da zomo da biri suke shigowa gona neman abinci, a nan kuma maharbi yake binsu da kwari da baka.

Wannan irin farauta ta bambanta da ta rani, wadda ake fita da ganga da karnuka da taron samari. Sanɗa ce, ta mutum ɗaya. Maharbi yakan jira ranar da iska ke kaɗawa, domin ƙarar ganyen masara ta rufe takunsa. Yakan fuskanci iskar, kada ta kai wa dabba warinsa. Sai ya riƙa tsallaka kunya ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa dama da hagu kafin ya ɗaga ƙafa. A fili, maharban dā sukan ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya, dabba ta ɗauka tsuntsu ne yake kiwo; cikin gona kuwa karan da kansa ne mayafi. Amma abin da ya ɓoye maharbi daga dabba, shi ne ya ɓoye masa dabbar. Sau da yawa abin da yake gani motsin kara ne kawai, da wani ɗan ja-ja a ƙasa. Idan ya jira ya tabbata, gada ta tsere. Idan bai jira ba, wataƙila gadar ce, wataƙila kuma yarinya ce ta durƙusa tana tsinkar wake a ƙarƙashin dawa. Kibiyar da aka shafa wa dafin ƙwanƙwani ba ta bukatar ta shiga da zurfi.

Tambayarmu ke nan: wanda ya harba wa motsi ya sami mutum, mai kisa ne, ko kuwa tsautsayi ne ya faɗa masa?

A garuruwanmu amsa takan zo da sauri. A ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ai bai yi nufi ba. Akwai gaskiya a ciki. Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 19, ya kawo misalin mai saran itace wanda bakin gatarinsa ya fice ya kashe maƙwabcinsa, aka kuwa tanada masa birnin mafaka, domin ba shi da ƙiyayya a zuciya. Shari'ar Allah ta san bambanci tsakanin hannu da zuciya.

Duk da haka, a ganinmu maharbin nan ba ɗaya yake da mai gatari ba. Mai gatari bai zaɓi ficewar ƙarfen ba. Maharbi kuwa shi ya ja tsarkiya, shi ya saki, yana sane cewa bai ga abin da yake harbi ba, yana kuma sane cewa gona ce, wurin da mutane suke aiki. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya yi nazarin kisan da ya auku ba da nufi ba, ya koyar cewa mutum yana kuɓuta ne idan aikin da yake yi halal ne, ya kuma yi iyakar lura da ta kamata. In ya yi sakaci da lurar, alhakin yana wuyansa. Katekism na Ekklesiyar Katolika na 1992, a lamba 2269, ya bi wannan hanya. Rashin sani iri biyu ne: akwai wanda ya fi ƙarfin mutum, akwai kuma wanda mutum ya yarda da shi domin kada nama ya kuɓuce masa.

Wani zai ce, Fada, da sauƙin faɗa ga wanda bai kwana da yunwa ba. Birai sun karya masa rabin gona, yaransa ba su ga nama ba tun Ista, ga abinci a gabansa, a ce ya tsaya tantancewa? Ba mu raina wannan magana ba. Yunwa tana rage nauyin laifi, mai jin ikirari ma ya san haka. Sai dai mu auna abin da ke kan ma'auni. Idan ya jira ya yi kuskure, ya rasa tukunyar miya ɗaya. Idan ya harba ya yi kuskure, wani gida ya rasa ɗa. Asarar farko tasa ce, yana da ikon ɗaukarta. Ta biyun ta wani ce, ba a kuwa tambayi mai ita ba.

Gada ta yi ƙaranci a yankinmu yanzu, baka ma bindiga ta kusa maye gurbinsa. Amma gonar da ta rufe ta sami sabon tsoro. Tun da 'yan bindiga suka addabi kudancin Katsina, doguwar dawa ta zama wurin da ake zargi, maharba da yawa kuma sun koma aikin tsaron gari. A 2023 gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma. Mutumin da ke gadi da dare, ya ji motsi a cikin kara, yana fuskantar tambayar maharbi, har ta fi tsanani, domin idan ya jira yana iya rasa ransa da na mutanen garinsa. Ba za mu ɗora masa nauyi ɗaya da na mai neman nama ba. Yana da haƙƙin kare kansa daga wanda ya kawo hari. Amma makiyayin da ya ɓata hanya, ko baƙon da dare ya yi masa, bai kawo hari ba. Kamanninsa da harshensa motsin kara ne kawai.

A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, an tare wata mota ɗauke da mafarauta da ke dawowa Kano daga kudu domin yin Salla a gida. Aka ga bindigogin farauta a hannunsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taro ya kashe 16 daga cikinsu kafin wata hukuma ta bincika ko su wane ne. Mutanen da suka kashe su ma a tsorace suke, domin satar mutane ta dame su kamar yadda ta dame mu.