Hukuncin ɗanɗana jar giyar inabi don koyon aikin otal

Tambaya: Malam, ni ɗan Kurfi ne, na gama Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, na samu aikin kai abinci tebur a wani otal a Abuja. An sa mu horon sanin ire-iren giya, an fara da wata ja, Cabernet Sauvignon. Mai koyarwa ya ce mu sansana, mu kurɓa, mu juya ta a baki, mu tofar. Tunda ba haɗiyewa zan yi ba, akwai laifi? Ya halatta in riƙa kai wa baƙi? Iyayena da albashin nan suka dogara.

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Cabernet Sauvignon sunan wani irin inabi ne, asalinsa yankin Bordo a kudu maso yammacin Faransa. 'Ya'yansa ƙanana ne, baƙaƙe, masu kaurin ɓawo. Ana matse su a bar ruwan tare da ɓawon har yis ya cinye zaƙin ya mai da shi barasa. Daga ɓawon ne jan launin da baurin suke fitowa, bauri irin na goro. Barasar da ke cikinta takan kai kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari, alhali giyar kwalba da aka saba gani kashi 5 ne ko kusa da haka.

Ka ga yanzu ka san ta, kuma ba wanda ya yi zunubi tsakanina da kai. Sanin abu ba haramun ba ne. Likita da alƙali da ma'aikacin NAFDAC duk suna bukatarsa. Matsalar horonku ita ce da baki ake yinsa, kuma don a sayar ake koyonsa.

Ɗanɗanawa haramun ce. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida umarni ta yi da a nisanci giya, nisanta kuwa ta fi barin sha faɗi. Wanda ya cika bakinsa da ita bai nisance ta ba. Ba kuma wanda ke tofarwa tas: saura yakan bi miyau ya wuce maƙogwaro, ga shi hadisin Jabir da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya haramta kaɗan ɗin duk abin da mai yawansa ke bugarwa. Sannan najasa ce a mazhabobi huɗu, ka ga sai ka wanke baki da riga kafin salla. Kada wani ya ruɗe ka da cewa Imamu Abu Hanifa ya sassauta. Maganarsa kan wasu jiƙe-jiƙe ce na hatsi da zuma da makamantansu. Giyar inabi kuwa shi ma ya haramta ko ɗigonta. Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halilu, sun yarda a haɗiye ta ne kawai ga wanda loma ta shaƙe shi, yana tsoron halaka, ba wani abin sha kusa. Ko don magani ba su yarda ba, balle don takardar shaidar horo.

Kai wa baƙi ma bai halatta ba, Musulmi ne baƙon ko ba Musulmi ba. Cikin mutum goma da hadisin Anas ya ce an la'anta saboda giya, har da mai ɗaukarta da mai shayar da ita.

Batun iyayenka na ji shi, kuma ban raina shi ba. Na san yadda matsalar tsaro ta hana mutanen Kurfi da kewaye noma yadda suka saba. Amma otal ba mashaya kaɗai ba ce. Ka samu manaja cikin ladabi ka ce addininka ya hana ka taɓa giya, ka nemi a mai da kai wurin karɓar baƙi, ko kula da ɗakuna, ko sito. In ya yarda, albashinka halal ne. In ya ƙi, ka bar horon tun yau, ka fara neman wani aiki ba da sanyin jiki ba. Ladan da ka riga ka karɓa a kan ɗaukar giya, ka ƙiyasta shi ka ba miskinai, ka yi istigfari.

Kwalaben da ake rabawa a bukukuwa a Dutsin-Ma da sunan ba barasa ciki kuwa iri biyu ne. Ruwan inabin da bai taɓa zama giya ba, aka sa masa iska kawai, halal ne, ka sha ka kai wa baƙo. Wanda aka fara yinsa giya sannan aka janye barasar, yakan rage har kusan rabin kashi 1 cikin ɗari. Malaman zamani sun yi saɓani a kansa, ni dai barinsa nake ba da fatawa. Ka karanta rubutun jikin kwalba kafin ka buɗe.

Allah ne Mafi sani.