Littafin Bashin Baba Akawu

A Sabon Garin Gusau akwai wani Alhaji mai shagon sari, shinkafa da sukari da man girki, wanda 'yan tireda daga Tsafe da Bungudu ke ɗaukar kaya a wurinsa. Babban ɗansa ya tafi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi digiri na biyu a fannin gudanarwa, inda ake koyon yadda ake gyara tsarin kamfani. Ya dawo a farkon 2023, daidai lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuyar gani.

Alhaji ya damƙa masa shagon. Kafin mako ya zagayo yaron ya kafa doka: babu sauran bashi, kowa ya biya ta banki, tsohon littafin bashi a jefa shi akwati, kwamfuta ta karɓi aikinsa. Bai shawarci kowa ba. Sai kaya suka yi kwantai, mutanen ƙauye suka koma wasu shagunan, yaran shago suka wuni a zaune.

Wata rana bayan la'asar ya sami tsohon akawun mahaifinsa, ya durƙusa ya gaishe shi. "Baba, ina na kuskure?"

"Ɗana, mutumin Bungudu ba shi da kuɗin kaya sai ya ci kasuwa. Ya ɗauka, ya sayar, ya dawo ya biya, haka muka yi da ubansa. Ka manta 2021, da aka rufe layukan waya a jihar nan? Wanda ya ga wannan ba zai zuba duk jarinsa a waya don ka ce ba."

Nan yaron ya tuna darasin Kurt Lewin, masanin da ake koyar da aikinsa a wannan fanni. A lokacin yaƙin duniya na biyu, nama ya yi ƙaranci a Amurka, ana son matan gida su riƙa dafa kayan ciki. Cikin waɗanda aka yi wa lacca, kaɗan ne suka canza. Waɗanda aka zauna da su, suka tattauna, suka yanke shawara da bakinsu, su ne suka fi aikatawa. Yaron ya rubuta wannan a jarrabawa ya ci, amma a shagon ubansa lacca ya yi. A ganina karatun bai gaza ba, gaggawa ce ta hana shi amfani da shi.

Washegari ya tara yaran shago da manyan abokan ciniki, ya yi ta saurare. Aka amince bashi ya dawo, amma da iyaka da ranar biya. Mai iya turawa ta waya ya tura, mai tsaba a karɓa. Shi da kansa ya zauna gefen Baba Akawu suna kwashe sunaye daga littafin zuwa kwamfuta, tsohon yana faɗa masa wane ne mai cika alkawari, wane ne sai an bi shi.

Kafin damina ta faɗi, 'yan Tsafe da Bungudu sun dawo ɗaukar kaya.