Tarko a Hanyar Yara: Wa Ke Ɗaukar Lamuni?

Babu saɓani tsakanin malamai cewa farauta halal ce, kuma Ibn Abi Zaid a cikin Risala ya bayyana cewa wadda aka karhanta ita ce ta shagala kawai, amma wadda aka yi don abinci ko wata buƙata mubahi ce. Saboda haka manomin da gafiya ta addabi rumbunsa, ko gyazbi ya dami rakensa a fadama, ba shi da laifi idan ya ɗana tarko. Sai dai tarko ya bambanta da kibiya ta fuska guda mai nauyi, domin maharbi yana duban abin da zai harba kafin ya saki tsirkiya, alhali mai tarkon ƙarfe yakan binne shi, ya rufe da ƙasa da ganye, ya koma gida ya kwanta, ya bar ƙarfen yana zartar da nufinsa a kan duk ƙafar da ta fara takawa.

Fuƙaha'u ba su bar wannan mas'ala ba, ko da yake galibi a babin rijiya suka tattauna ta. Ya tabbata a hadisin Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa wanda ya halaka a rijiya ko a ramin ma'adini ba a bin kowa diyyarsa. Amma Imam Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya fayyace a Muwaɗɗa cewa wannan sassauci na wanda ya haƙa ne inda ya halatta gare shi, kuma wanda ya haƙa a kan hanyar Musulmi ba da haƙƙi ba shi ne mai lamunin abin da ya auku. Idan raunin bai kai sulusin diyya ba daga dukiyarsa za a biya, idan kuwa ya kai sai danginsa na wajen uba su ɗauka tare da shi. To ƙafa guda, idan ta salwanta, rabin diyya ce cif. Shaihu Halilu ma a Muhtasar ya kai ga cewa mai haƙa da nufin cutarwa ba ya kuɓuta ko da a cikin gidansa ya haƙa.

Abin da ya rage a tantance shi ne ina ne hanya. Mai tarko zai ce a gonarsa ya ɗana, kuma ba wanda ya aiki yaron da ya taka shi can. Wannan hujja, a ganina, ba ta tsayawa a ƙasarmu, domin al'ada abar lura ce a shari'a, kuma al'adarmu ita ce da zarar an kawar da amfani, aka ɗaure dawa aka kai gida, gonaki sukan zama a buɗe ga kowa: 'yan mata su shiga kalar gyaɗa, yara maza su koro awaki kan karmami, wasu su bi gindin kanya da magarya da aduwa, wasu a aike su itace, duk ƙafa ba takalmi. Wurin da mutum ya sani da yaƙini cewa yara suna ratsawa safe da yamma ya ɗauki hukuncin hanya, ko da an san iyakarsa tun zamanin kakanni. Kuma kafa alama ba ta wadatarwa, tun da yaron da bai kai wayo ba, wanda shari'a ta ɗauke masa alƙalami, ba za a ɗora masa nauyin fahimtar tsumman da aka rataya a kara ba.

Diyya kuwa bayan aukuwa take zuwa, ba ta mayar da ƙafa, shi ya sa mazhabarmu ta ba da ƙarfi ga toshe kafar ɓarna tun kafin ta buɗe, ta kuma bai wa mai mulki ikon ƙayyade mubahi idan maslaha ta nema. Turawa ma sun bi ta nan da nasu dalilan: Ingila ta hana ɗana wa mutane tarko da bindigar zare a 1827, ta haramta tarkon ƙarfe mai haƙora a 1958, Tarayyar Turai kuma ta zartar da makamancin haka a 1991.

Mu ba sai mun jira doka daga birni ba, tun da muna da mai unguwa da dagaci da sarkin baka, waɗanda suka san kowane mafarauci da sunansa. Su ke da ikon yanke cewa tarkon ƙarfe ba zai kusanci bayan gari da burtali da bakin rafi ba, a ɗana shi bayan magariba a kwance shi kafin hantsi, a kuma sanar a masallaci dajin da aka ɗana. Mafaraucin ma ya fi samun riba a haka, domin naman da ya mutu a tarko kafin a riske shi da yanka mushe ne, bai halatta a ci ba balle a sayar.