Sakan 15 a Bayan Iyaka

Wata ranar Asabar na tarar da ɗan yayata gaban talabijin yana buga Apex Legends, shi da abokansa biyu da suka haɗu ta intanet. Ina tsaye ina kallo ɗan wasansa ya sauka a kan ƙololuwar wani dutse, inda ake hango kusan rabin filin. Nan take gargaɗi ya bayyana a allon, lambobi suka fara raguwa. Bai ko tsaya ba ya diro ƙasa. Na ce, "Kai kuwa me ya koro ka? Ai a can sama ka fi kowa gani."

Ya ce, "Kawu, can bayan iyaka ne. Sakan 15 kawai gare ni, in suka ƙare na mutu. Kuma ko na tsaya, bindigata ba ta tashi a wurin. Da can sakan 30 ne, aka rage."

Wannan "aka rage" ɗin ce ta zauna mini a rai. Wani ya zauna ya yanke cewa 30 ta yi yawa, kuma bai mayar da ita sifili ba.

Kowane filin wasan harbi yana da ƙarshe, domin ba wanda zai iya zana duniya gaba ɗaya. Abin da ke gaban masu ƙirƙirar wasan shi ne yadda za su yi da wanda ya kai ƙarshen. Za su iya kafa bangon da ba a gani, mutum yana gudu ya ji ya daki iska, amma wannan yana ɓata wasan, musamman ga mai tuƙa jirgi. Za su iya kashe shi da zarar ƙafarsa ta ƙetara layin, tsalle ɗaya ya jefa shi rijiya. Da yawansu sai suka zaɓi wa'adi: ka fita, mun gani, ga 'yan sakanni ka dawo.

Abin ba sabo ba ne. Tun a Battlefield 1942, wanda kamfanin DICE na ƙasar Suwidin ya ƙirƙira aka fitar a 2002, wanda ya bar fagen fama sai a gargaɗe shi cewa ana harbe sojan da ya gudu. A Battlefield 3 da Battlefield 4 ƙidayar sakan 10 ce, kuma iyakar mai jirgin sama ta fi ta sojan ƙasa faɗi, tunda jirgi na bukatar sarari kafin ya juyo. Halo: Reach, na 2010, ya ba masu wasa da kansu damar gina fili, ya kuma ba su iyaka iri biyu: mai kashewa nan take, da mai jiran sakan 10. Duk wanda ya taɓa gina fili a ciki ya san shawarar da ke gabansa a kowane lungu: nan kuskure ne zai kawo mutum, ko wayo?

A Apex ne na ga yadda tambayar ke tsananta. Wasan ya fito a 2019 daga kamfanin Respawn. Mutum 60 ne a fili, uku-uku, da'irar wasa tana ta ƙuntata har a bar ƙungiya ɗaya. A watan Mayun 2021 aka shigo da wata 'yar wasa mai suna Valkyrie, wadda ke iya cilla kanta da abokanta sama su sauka inda suka ga dama. Sai tsaunuka da rufin dogayen gine-gine, waɗanda aka ce bayan iyaka ne, suka koma masauki. Sakan 30 a wannan wasa dukiya ce. Cika garkuwa da batir sakan 5 ne, babban maganin da ke mayar da lafiya da garkuwa duka sakan 10 ne. Ke nan mutum zai hau inda ba a iya binsa, ya yi jinya, ya ƙare wa abokan gaba kallo, ya yi harbi, sannan ya diro musu da sauran lokaci a hannu. An ba da wa'adin ne don wanda ya ɓata hanya, sai ga shi waɗanda suka fi kowa sanin hanya su ne ke cin moriyarsa.

A watan Satumban 2021 aka mayar da shi sakan 15. Kuma lokacin ba ya sabuntuwa don ka sauko ka sake hawa. Abin da ka ci ka ci, sai in an dawo da kai bayan mutuwa. Duk da haka mutane ba su daina ba, domin sakan 15 ma ya ishi mai niyya. Da masu ƙirƙirar wasan sun bi wannan hanyar, da sai su yi ta ragewa, 10, 5, 3, har ranar da yaron da iska ta kai shi kan rufi bisa kuskure zai mutu kafin ya gane inda yake. Ba su bi ba. A watan Mayun 2022 suka bar sakan 15 ɗin yadda yake, suka ce wanda ke bayan iyaka ba zai iya harbi ba, ba zai jefa gurneti ba, ba zai yi amfani da baiwar ɗan wasansa ba, ba zai fara shan magani ba. Wani ɗan ƙaramin abu a cikin dokar ya fi burge ni: in ka riga ka fara jinyar kafin ka ƙetara, ba a katse maka.

A ganina wannan gyara na biyu ya fi na farko adalci nesa ba kusa ba. Rage lokaci kowa yake duka, mai gaskiya da mai wayo, kuma mai gaskiyar ya fi jin zafin, tunda shi bai shirya ba. Cire ribar kuwa mai wayon kaɗai take taɓawa. Wanda ya faɗa can bisa kuskure ba harbi ya je yi ba, ba abin da aka ƙwace masa. Hanyar komawa yake nema, kuma an bar masa ita.

Na san wannan matsala tun kafin in san akwai wasan. Gwaggona uwar adashi ce shekara da shekaru, mata 20 ke zubi a hannunta duk ƙarshen wata. Tana ba da kwana 5 na uzuri, saboda akwai wadda albashin mijinta ke makara, akwai wadda sai ta sayar da ƙuli-ƙuli ranar kasuwa. Sannu a hankali wasu mata biyu ko uku suka mayar da rana ta biyar ita ce ranar zubi. Kuɗin na hannunsu, juya su suke yi a saro kaya kafin su kawo. Mai kwasa ta yi ta jira, rai ya fara ɓaci. A taron da suka yi, mafi yawa suka ce a soke uzurin kawai, wake ɗaya ya ɓata gari.

Gwaggo ta ce, "In na soke, wa na hukunta? Masu juya kuɗin gobe za su kawo a kan lokaci, don suna da shi. Wadda ba ta da shi ita za ta fita daga adashin."

Abin da ta yi shi ne, ta bar kwana 5 ɗin, amma ta ce na zagaye ne gaba ɗaya, ba na kowane wata ba. Wadda ta cinye nata ta sake makara, kwasarta ta koma ƙarshen layi. Wadda ta zo tun kafin ranar ta faɗi uzurinta, rashin lafiya ko rasuwa, ba a rubuta mata. Ribar kwana 5 ba ta kai asarar jiran wata da watanni ba, don haka juya kuɗin ya mutu da kansa. Matar mai ƙuli-ƙuli kuwa ta ci kwana 2 a damina, kwana 1 bayan Sallah, ta kai ƙarshen zagaye da sauran 2 a littafi.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda muke saurin kai hannu ga soke rangwame duk lokacin da aka ci amanarsa. Mai gida ya daina ɗaga wa 'yan haya ƙafa saboda mutum ɗaya, mai shago ya rubuta ba bashi a ƙofa, makaranta ta rufe ƙofa ƙarfe 8 daidai a fuskar yarinyar da ta taho daga nesa a ƙafa. Na fahimci ɓacin ran, an cuce su ne. Sai dai soke rangwame ba ya bukatar tunani, shi ya sa yake da sauƙi. Zama a gano me mai wayon ke samu a cikin wa'adin, a toshe wannan kaɗai, shi ne aikin.

Kafin in tashi ranar, abokin ɗan yayata ya yi kuskuren sauka, ya faɗa kan wani rufi mai tsawo. Na ji muryarsa ta lasifika a ruɗe yana tambayar ta ina zai sauka. Ɗan yayata ya ce, "Yi hagu, yi hagu, akwai gangara!" Yaron ya bi, ƙafarsa ta taɓa ƙasa saura sakan 4. Bindigarsa ta dawo hannunsa, su ukun suka nufi cikin da'ira.