IDAN BASHI YA SAKE HANNU, INA HAKKIN MAI GIDA?

  

Maganarmu ta wannan mako a kan jinginar gida ce. A Tarauni da Gyadi-Gyadi, kamar sauran unguwannin Kano, akwai 'yan kasuwa da ma'aikata waɗanda ba su mallaki wani abin da banki zai karɓa ba sai takardar gidan da iyalinsu ke ciki. Mutum ya kai takarda ya karɓi rance, kasuwa ta juya masa baya, sai ga wasiƙar neman biya, wani lokaci ma ba daga bankin da ya ba shi kuɗin ba. To, idan bashi ya bar hannun wanda ya bayar ya koma hannun baƙo, shin adalci da sauƙin da Shari'a ta ɗora wa mai bin bashi suna bin sabon hannun, ko kuwa sun tsaya a na farko?

Mutanen Amurka sun ɗanɗana wannan. Kafin rikicin kuɗi na 2008, bankunansu sun riƙa ba masu ƙaramin ƙarfi rancen sayen gida a kan kuɗin ruwa mai tsada, sa'an nan su tara takardun bashin su sayar wa masu zuba jari, a ɗora wani kamfani ya riƙa karɓar biyan wata-wata. Shi wannan kamfani bai san mai gidan ba, kuma tarar jinkiri tana cikin abin da yake ci. A 2010 ta bayyana cewa waɗansu ma'aikatansu suna sa hannu a dubban takardun rantsuwa na ƙwace gidaje ba tare da sun karanta ba. A Fabrairun 2012 manyan bankuna 5 suka yi sulhu na dala miliyan dubu 25 da gwamnatin ƙasar da jihohi 49, amma kuɗin sulhu bai mai da iyali gidan da aka riga aka yi gwanjonsa ba.

Mu ma nan gida bashi yana sake hannu. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar AMCON don ta saye basusukan da suka gagara biya daga bankuna, tare da kadarorin da aka jinginar. Irin waɗannan shari'o'i Babbar Kotun Tarayya ke jinsu, ta Kano kuwa nan Gyadi-Gyadi take.

Jingina halal ce. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Amma fa amana ce, kuma duk hannun da ta faɗa ya ɗauki nauyi uku.

Na farko, lissafi bayyananne. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umurni a rubuta bashi, kuma wanda ake bi shi zai yi shifta. Ke nan ba a rubuta wa mutum abin da bai sani ba. Mai karɓar biya da ya kasa nuna nawa aka ranta, nawa aka biya, nawa ya rage, bai isa ya taɓa ƙofar kowa ba.

Na biyu, jinkiri ga wanda ke cikin ƙunci, kamar yadda aya ta 280 ta wajabta. Ayar ba ta keɓe wanda ya ba da rance tun farko ba. Na uku, gidan yana nan na mai shi. Imamu Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa sharaɗin wai in wa'adi ya cika ba a biya ba abin jingina ya zama na mai bin bashi, ɓatacce ne. In sayarwa ta zama dole, sai a sayar a kan kuɗin kasuwa, a cire bashi, a miƙa wa mai gida ragowar.

Wani zai ce, ai ma'aikacin ɗan aike ne, kuɗin kuma na masu ajiya ne. Gaskiya ne, kuma don haka ba mu ce a yafe dole ba. Amma wakili ba ya samun ikon da wanda ya wakilta shi bai da shi, kuma rantsuwar ƙarya tana wuyan wanda ya sa hannu.

Shi ma wanda ake bi yana da nasa. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina a Legas domin ba a sami amincewar gwamna ba, kamar yadda Dokar Ƙasa ta 1978 ta tanada, alhali wanda ya jinginar shi ne ya kafa hujja da wannan giɓi. Takarda tana iya rushewa a kotu, amma uwar kuɗi tana nan a wuyan wanda ya ci. Hadisi ya kira taurin bashin mawadaci zalunci, Hausawa kuma suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Tushen yawancin rigimar nan riba ce, domin ita ke sa bashi ya yi ta haihuwa mai shi yana barci. Saboda haka, ya ɗan'uwa, kafin ka kai takardar gida ka nemi ciniki marar ruwa, tun da bankin Jaiz ya fara aiki a Kano a 2012, waɗansu kuma suka biyo baya. Ka sa a karanta maka kowane sharaɗi, ka adana rasit ɗin kowane biya, ka sanar da iyalinka, domin kansu wasiƙar za ta sauka in ka riga su.

Allah Ya biya wa masu bashi, Ya sa tausayi a zukatan masu bi, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.