Karkataccen Ɗinki A Cikin Riga

'Yar'uwa, ga tambaya: idan ɗinki ya karkace ta cikin riga, inda ba mai gani, laifi ne ki miƙa wa mai kaya ki yi shiru?

Ni abin ya same ni ranar jajiberin ƙaramar Sallah. Maƙwabciyata ta kawo atamfa turmi guda, yadi 6, a yi mata riga da zani. Kekena Butterfly ne na hannu, lafiyarsa ƙalau, ni ce na yi gaggawa. Wadda ta koya min ɗinki ta sha gaya min cewa haƙoran da ke ƙarƙashin allura su ke jan yadi, aikin hannu saiti ne kawai, ido kuma a bakin yadi ake ajiye shi, ba a kan allura ba. To ranar nan fisgar yadin na riƙa yi ta baya don in gama da wuri. Ɗinkin gefe ya tafi kamar sawun maciji, wani wurin saura ƙiris ya fita daga bakin yadin.

Da na goge, ta waje sumul. Zuciya ta ce wa zai juya riga ya duba? Amma fa na san wanki biyu ko uku wurin nan zai buɗe, ƙila ma a tsakiyar biki. Kuɗinta kuwa cif ta biya. Me ya raba ni da mai zuba ruwa a nono?

Sai na ɗauko reza na farke, na ja layi da alli, na sake a hankali. Rigar 'yata ce ba ta samu ɗinkuwa ba. Da tsohuwa ta je Idi, kwana biyu tana kumbura min baki.